Amsa a kan Keir Hardie da shigar ɗan ƙwadago siyasa

Assalamu alaikum. Ƙanena mai tambaya, tun shekaranjiya na ga abin da ka rubuta, inda kake neman sanin ko wane ne Keir Hardie, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Leba ta Birtaniya, mutumin da ka ji an ce sunansa iyayen Keir Starmer, ɗan siyasar wannan jam'iyya, suka sa wa ɗansu, sannan ka ɗora da cewa anya kuwa ɗan ƙwadago zai iya shiga siyasa ya fito da mutuncinsa ba tare da ya koma yaron manya ba. Na jinkirta amsa ne domin rabin tambayar taka na biyu ya taɓa abin da na daɗe ina juyawa a zuciyata. Na yi sama da shekara ashirin ina aiki a wata masaƙa a Kaduna, daga bakin injin saƙa har na zama wakilin ma'aikata, daga baya kuma sakataren reshen ƙungiyarmu. A cikin waɗannan shekaru ne aka tura mu wani kwas na 'yan ƙwadago a Birtaniya, malaminmu kuma ya kai mu garin Cumnock da ke Sikotland, inda Hardie ya yi mafi yawan zamansa. Akwai mutum-mutumin kansa a gaban ɗakin taron garin. Tun daga ranar nake bibiyar tarihinsa, kuma a cikinsa na sami amsar da zan ba ka.

An haifi James Keir Hardie ranar 15 ga Agusta, 1856, a yankin Lanarkshire. Mahaifiyarsa, Mary Keir, 'yar aikin gida ce, mijinta David Hardie kuma kafinta ne a wurin ƙera jiragen ruwa, aikin da yau akwai gobe babu. Yaron bai yi zaman makaranta irin na sauran yara ba, tun yana ɗan shekara bakwai zuwa takwas ya fara aikin aike a Glasgow. Akwai labari ɗaya na wannan lokaci da shi da kansa ya riƙa maimaitawa har tsufansa. Yana ɗan kimanin shekara goma yana kai wa wani mai gidan burodi kaya ga masu saye, a lokacin da mijin mahaifiyarsa ba ya da aiki, ƙanensa na kwance rai a hannun Allah, mahaifiyarsa kuma cikinta ya tsufa, wato ɗan abin da yake samu shi ne cefanen gidan. Saboda jinyar dare sai ya makara sau biyu a jere. Maigidan, wanda aka sani a gari da yawan ibada, ya sa aka shigo da shi har inda yake karin kumallo da iyalinsa, abinci jere a kan tebur, yaron kuma a jiƙe da ruwan sama da yunwa a cikinsa, ya sallame shi, ya kuma riƙe ladan aikinsa a matsayin tara. Wannan abu ya faru ne a jajibirin sabuwar shekara. Duk wanda ya karanta jawaban Hardie na baya zai ga cewa ƙiyayyarsa ga mai arzikin da ke fakewa da addini yana danne na ƙasa daga wannan ɗaki ta faro, alhali shi kansa daga baya ya zama Kirista mai riƙo da addini, mai wa'azi, mai yaƙi da shan giya.

Ba da daɗewa ba ya shiga ramin haƙar kwal. Aikin farko da ake ba yaro a can shi ne zama shi kaɗai cikin duhu na tsawon awa goma yana buɗe wata ƙofa yana rufewa domin iska ta zaga cikin ramin. Daga nan ya koma jan dokin da ke fitar da kwal, har ya kai ga riƙe diga. Karatu da rubutu kuwa a gida da makarantar dare ya koye su. A 1879, da ya fara magana da yawun ma'aikata, masu ramuka suka kore shi tare da 'yan'uwansa, suka sa sunansa cikin jerin waɗanda ba za a sake ɗauka aiki ba a yankin. Shekara ɗaya bayan haka ya jagoranci wani yajin aiki a Lanarkshire da ƙungiyar ba ta da ko sisi a asusunta, har aka riƙa kiransa yajin dankali, domin dankalin da aka samo bashi shi ya riƙe iyalai. Yajin ya karye. Na san wannan yanayi ido da ido. A wani dogon yajin da muka yi, sati na uku bai ƙare ba sai da matan ma'aikata suka fara zuwa ƙofar ofishin ƙungiya da kwanuka, muna auna masu masara da mudu daga buhunan da wani ɗan kasuwa ya ba mu bashi, kuma ranar da buhu na ƙarshe ya kwanta, ranar ce maza suka fara sulalewa suna komawa bakin aiki ta ƙofar baya. Ban taɓa ganin laifinsu ba. Hardie ma abin da ya koya ke nan: yajin aiki yana iya ƙara albashi na ɗan lokaci, amma dokar da ta tsara awannin aiki da diyyar wanda ya mutu a rami a majalisa ake yin ta.

To, a nan ne batunka yake. A wancan zamani jam'iyyu biyu ne ke juya Birtaniya, ta 'yan mazan jiya da ta Libaral, kuma ma'aikacin da ke da ƙuri'a yawanci Libaral yake zaɓa. Akwai ma 'yan ƙwadago a majalisa tun 1874, lokacin da aka zaɓi Thomas Burt da Alexander Macdonald, dukansu tsofaffin mahaƙa kwal, amma a ƙarƙashin inuwar Libaral suke zama. Ya kamata a yi wa waɗannan mutane adalci, domin da yawansu masu gaskiya ne, kuma sun samo wa ma'aikata wasu gyare-gyare. Matsalar ita ce a lokacin ba a biyan ɗan majalisa albashi, kuma kuɗin gudanar da zaɓe a kan 'yan takara yake, saboda haka talaka ba ya isa majalisa sai wani ya ɗauki nauyinsa. A garuruwan kwal kuwa, masu faɗa a ji a reshen jam'iyyar Libaral sau da yawa su ne masu ramukan. Hausawa sun riga sun gama magana: wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hardie da kansa ɗan Libaral ne a farkon lamarinsa. Amma a babban taron ƙungiyoyin ƙwadago na 1887 a Swansea, yana ɗan shekara talatin da ɗaya, ya tashi ya ƙalubalanci Henry Broadhurst, babban jagoran ƙwadago na ƙasar wanda har ƙaramin minista ya riƙe a gwamnatin Libaral, a kan yadda yake taya wani mai masana'anta yaƙin zaɓe. Manyan taron ba su ji daɗin wannan tsaurin ido ba.

A watan Afrilun 1888 aka yi zaɓen cike gurbi a mazaɓar Lanarkshire ta Tsakiya, mazaɓar da ke cike da mahaƙa kwal waɗanda dokar 1884 ta ba da yawansu ƙuri'a. Hardie ya nemi Libaral su tsayar da shi, suka ƙi, suka ɗauko wani lauya mai hali daga waje. Da ya ce zai tsaya da ƙafarsa, sai manyan jam'iyyar suka aiko masa da tayi: ya janye, su kuma a babban zaɓe mai zuwa za su ba shi kujerar da babu hamayya a wata mazaɓa, tare da fam 300 duk shekara. Ka auna wannan da cewa albashinsa na sakataren ƙungiyar mahaƙan Ayrshire fam 75 ne a shekara, ga mata ga ƙananan yara. Ya ƙi. Ya tsaya, ya sami ƙuri'a 617, ya zo na ƙarshe. A ganina, duk abin da ya biyo baya a rayuwarsa daga wannan ƙin karɓa ya tsiro, kuma da ya karɓa da yau ba mu san sunansa ba, da yana cikin jerin mutanen kirki da suka zauna a majalisa suka tashi.

Zan gaya maka dalilin da ya sa wannan ya zauna mini a rai. Akwai wani yayanmu a ƙungiya, mutum mai gaskiya wanda shi ya koya mini yadda ake zama da masu kamfani a teburin sulhu. Wata kakar zaɓe, wani ɗan siyasa ya turo masa ɗan aike da daddare, aka yi masa alkawarin muƙami a wata hukuma idan ya fito da ma'aikata taron gangami. Ya shawarce mu, ya ce idan yana ciki zai fi yi mana amfani, mu ma muka ga hakan. Ya samu muƙamin, kuma har ya bar shi ban ji an ce ya taɓa kuɗin kowa ba. Amma lokacin da masaƙarmu ta fara sallamar ma'aikata ɗari-ɗari ba tare da biyan haƙƙinsu ba, muka je ofishinsa mu biyar, ya sa aka kawo mana lemo, ya rufe ƙofa, ya ce mana cikin ƙaramar murya mu yi haƙuri, mai kamfanin yana cikin masu ɗaukar nauyin jam'iyya, idan ya yi magana a fili kujerarsa za ta tafi kuma ba abin da zai canza. Idonsa ya ciko da ƙwalla yana faɗa. Ba sayen sa aka yi da jakar kuɗi ba. Abin da ya faru shi ne mota da gida da kuɗin makarantar 'ya'yansa duk sun koma rataye a hannun wasu, mu kuma da muka tura shi ba mu da abin da za mu riƙe shi da shi idan ya faɗo.

Hardie ya shiga majalisa a 1892 daga mazaɓar West Ham ta Kudu da ke gabashin Landan, kuma ya kamata a faɗi cewa Libaral ba su tsayar da kowa a kansa ba a wannan karo. Ranar da ya fara shiga, maimakon doguwar baƙar kwat da doguwar hula da 'yan majalisa suka saba, sai ya zo da kayan ulu irin na gama-gari da hular da ba a saba gani a wurin ba, jaridu suka yi ta surutu. Ya riƙa tayar da maganar marasa aikin yi har aka laƙaba masa sunan wakilinsu. A watan Janairun 1893 aka kafa Jam'iyyar Ƙwadago Mai Zaman Kanta a Bradford, shi ne jagoranta. Abin da ya fi jawo masa baƙin jini ya zo ne a watan Yunin 1894. Ranar 23 ga watan, ramin kwal na Albion da ke Cilfynydd a Wales ya fashe, maza da yara kimanin 290 suka mutu, kuma a wannan rana ce aka haifi jariri a gidan sarauta, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Takwas. Majalisa ta shirya saƙon taya Sarauniya Victoria murna. Hardie ya nemi a haɗa da ta'aziyya ga iyalan mamatan, aka ƙi, sai ya tashi ya soki saƙon da tsarin gadon sarauta baki ɗaya, 'yan majalisa na kowane ɓangare suna yi masa ihu. A zaɓen 1895 ya rasa kujerarsa, 'yan takarar jam'iyyarsa 28 kuma babu wanda ya kai labari.

Wannan faɗuwa ta koya masa abu na biyu, wanda masu zafin ra'ayi a cikinmu suka fi mantawa da shi. Tsayawa da ƙafa kaɗai ba ya cin zaɓe. Masu ra'ayin gurguzu a Birtaniya 'yan tsiraru ne, kuɗi da jama'a suna wurin ƙungiyoyin ƙwadago, su kuma mafi yawan shugabanninsu ba sa son jin kalmar gurguzu. Sai Hardie ya shafe shekaru yana lallashi. Ranar 27 ga Fabrairu, 1900, wakilai 129 suka hallara a Landan, daga ƙungiyoyin ƙwadago da ƙungiyoyin gurguzu, kuma shawarar da ya kawo ce aka amince da ita: a kafa rukunin ƙwadago na daban a majalisa, mai tsara al'amuransa da kansa, ba tare da an tilasta wa kowa rantsuwa da wata aƙida ba. Masu bin koyarwar Karl Marx sau da ƙafa sun ga wannan a matsayin sassauci, har suka fice bayan shekara guda. A zaɓen 1900 mutum biyu kacal sabon kwamitin da aka kafa a taron ya samu, Hardie a Merthyr Tydfil da Richard Bell a Derby.

Abin da ya tura ƙungiyoyi cikin tafiyar shi ne hukuncin shari'ar kamfanin jirgin ƙasa na Taff Vale na 1901, inda kotun ƙoli ta ƙasar ta yanke cewa kamfani zai iya ƙarar ƙungiya ya karɓi diyyar asarar da yajin aiki ya jawo masa, har ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ta biya fam 23,000 ban da kuɗin shari'a. Shugabannin da jiya suke ganin Hardie mai tayar da zaune tsaye suka gane cewa asusunsu ba shi da kariya sai an canza doka. A taron 1903 aka yanke shawarar da nake ganin ta fi duk jawabai muhimmanci, cewa kowane ɗan ƙungiya zai ba da kwabo ɗaya a shekara, a tara a asusu, a riƙa biyan ɗan majalisar ƙwadago har fam 200 a shekara, shi kuma ya sa hannu cewa ba zai jingina da wata jam'iyya ba. Ka ga yanzu ladan daga hannun ma'aikata yake fitowa, askin ma su za a yi wa. Ni da na tsaya a bakin ƙofar masaƙa ranar albashi da littafi da kwali ina karɓar karo-karon asusun yajin aiki, na san cewa mutumin da ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya miƙa maka, gobe zai tare ka a hanya ya tambaye ka ina aka kwana, kuma wannan tambaya ita ke riƙe shugaba. A zaɓen 1906 suka ci kujera 29, suka ɗauki sunan Jam'iyyar Leba, kuma a cikin wannan shekara aka yi dokar da ta rushe hukuncin Taff Vale. Sai a 1911 gwamnati ta fara biyan 'yan majalisa albashi, fam 400 a shekara.

Ba zan ɓoye maka sauran gaskiyar ba. Mafi yawan waɗannan kujeru 29 an same su ne albarkacin wata yarjejeniyar sirri da sakataren kwamitin, Ramsay MacDonald, ya ƙulla da Herbert Gladstone na Libaral a 1903, cewa ba za su raba ƙuri'a a wasu mazaɓu ba, kuma Hardie yana sane. Bambancin wannan da tayin 1888 shi ne a yanzu ƙungiya ce mai asusunta take ciniki da wata ƙungiya. Sannan Hardie bai iya shugabancin majalisa ba. Da ƙuri'a ɗaya ya ci shugabancin 'yan jam'iyyarsa a 1906, bai da haƙurin zaman kwamiti, abokan aikinsa suna ƙorafin ba ya shawara, ya kuma sauka a farkon 1908. Ƙungiyar mahaƙa kwal ta ƙasa, wato mutanensa na asali, ba ta shiga jam'iyyar ba sai 1909. Akwai kuma tabon da ba na iya kawar da kai daga gare shi: a ƙarshen shekarun 1880 ya yi kalamai masu muni a kan baƙin ma'aikata daga Lithuania da Poland da masu masana'antu suka kawo Ayrshire, ya ɗora wa talakan da ya zo neman abinci laifin karyewar albashi, alhali wanda ya kawo shi ne ya karya.

Duk da haka mutumin ya girma ya wuce wannan. Ya tsaya wa mata a fafutukar neman ƙuri'a lokacin da hakan ke ɓata masa da wasu 'yan jam'iyyarsa. Ya yi adawa da yaƙin Boer da Birtaniya ta yi a Afirka ta Kudu. A 1907 ya je Indiya ya goyi bayan 'yan ƙasa su mulki kansu, jaridun Landan suka yi masa ca, da ya biya ta Afirka ta Kudu ya ce a buɗe wa baƙar fata ƙofar ƙungiyoyin ƙwadago kuwa, Turawan can suka tarbe shi da ihu da jifa. Wani matashin ɗan jarida mai suna Fenner Brockway da ya je hira da shi a wannan zamani ya fito ya rungumi ra'ayinsa, kuma shi ne daga baya ya jagoranci ƙungiyar neman 'yancin ƙasashen da ake yi wa mulkin mallaka, wadda aka kafa a 1954. Amma mu 'yan Najeriya muna da abin tunawa ta ɗaya gefen. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa kwal 21 a Iva Valley da ke Inugu, a daidai lokacin da jam'iyyar da mahaƙin kwal ya kafa take riƙe da gwamnati a Landan ƙarƙashin Firaminista Clement Attlee. Ranar da muke Cumnock na ambata wa malaminmu wannan, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ba a koya masu shi a makaranta ba.

Ƙarshen Hardie mai ciwo ne. Shekaru ya yi yana kira ga ma'aikatan Turai da su tsunduma yajin aiki na bai ɗaya idan gwamnatoci suka nufi yaƙi. Ranar 2 ga Agusta, 1914, ya yi jawabin adawa da yaƙi a dandalin Trafalgar, bayan kwana biyu Birtaniya ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ranar 6 ga watan, a garin Aberdare da ke cikin mazaɓarsa, mahaƙan da ya yi wa hidima tsawon rayuwarsa suka hana shi magana da ihu da waƙoƙin kishin ƙasa, suka bi shi har masaukinsa. Mafi yawan 'yan majalisar Leba suka goyi bayan yaƙin, har jagoransu Arthur Henderson ya shiga gwamnati a 1915. Lafiyarsa ta karye, shanyewar jiki ta same shi, ya rasu a Glasgow ranar 26 ga Satumba, 1915, yana da shekara 59. A zaɓen cike gurbin da aka yi bayan wata biyu, mutanen Merthyr suka ba da kujerarsa ga Charles Stanton, wani jagoran mahaƙa kwal mai goyon bayan yaƙin.